Haihuwa ta Biyu, ta Uku, ta Bakwai: Me Ya Sa Kowane Ciki da Halinsa?

Assalamu alaikum 'yan uwana mata, barkanmu da warhaka. Maza ma da kuke leƙowa ta bayan matanku, ku gyara zama, maganar nan ta shafe ku tunda ku ne masu neman mota da tsakar dare.

Akwai wata maƙwabciyata nan Agege a Legas, haihuwarta ta huɗu. Naƙuda ta taso mata bayan la'asar, ta ce ai da saura, ta ɗora tuwo ta kwashe ta yi wa yara wanka, saboda a ɗan farinta sai da ta kwana ta wuni kafin ta sauka, to da wannan lissafin take aiki har yanzu. Da abin ya ci ƙarfinta aka samo keke, ga magariba ta yi ga goslo ya haɗe, ba gaba ba baya. Wallahi ba su kai ƙofar asibitin ba faya ta fashe, a cikin keken nan aka karɓi yarinya da zanin da ƙanwar mijinta ta kwance ta kare ta da shi. Allah ya rufa asiri, uwa lafiya 'ya lafiya. Amma da ta ba ni labari tana dariya, ni kam jikina sanyi ya yi, kuma shi ya sa na ce yau sai mun tattauna wannan.

Mu fara da saurin. Kafin ɗa ya fito dole bakin mahaifa ya buɗe har santimita 10. A cikin fari bakin nan sabo ne fil, sai ya fara yin laushi ya siranta tukuna sannan ya soma buɗewa, shi ya sa ake daɗewa. Wadda ta taɓa haihuwa kuwa abubuwan biyu tare suke tafiya, hanya ta riga ta san aikin. Kamar sabon takalmi ne da wanda ƙafa ta saba da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya a jagorar da ta fitar a 2018 ta ce daga lokacin da bakin ya kai santimita 5 zuwa ya gama buɗewa, yawanci ba ya wuce awa 12 a haihuwar fari, ba ya wuce awa 10 a na baya. Shi kuma nishi, mai ɗan fari tana iya kai awa 3, wadda ta saba yawanci cikin awa 2 an gama. Wannan fa iyaka ce ake faɗa, mata da yawa a haihuwa ta biyu nishi uku huɗu kawai sai ki ji kukan jariri. Akwai ma wadda daga fara ciwo zuwa sauka duka-duka ba ta cika awa 3 ba.

To kin ga a garin nan awa 3 ba komai ba ce. Daga Mile 12 ko Alaba Rago zuwa wani asibitin, in aka yi rashin sa'a ruwa ya sauka, a hanya za ki cinye ta.

Tun kafin naƙuda ma cikin baya yana da bambanci. Yana fitowa da wuri, wata uku mutane sun fara yi miki kallon ƙasa-ƙasa, saboda naman ciki ya riga ya taɓa miƙewa. Motsi kuma mai cikin fari sai wajen sati 18 zuwa 20 take ji, wadda ta saba tun sati 16 za ta gane, ba za ta ce iska ce ba. Sannan a cikin fari kan ɗa yakan sauko ƙugu makonni kafin haihuwa, tsofaffi su ce ciki ya sauka. A na baya sau da yawa sai naƙuda ta kama yake saukowa. Don haka kar ki zauna kina jiran ciki ya sauka kafin ki haɗa kaya.

Kuma kar wata ta ce na ce kowace haihuwa sai ta fi ta bayanta sauƙi. Ina! Tambayi masu 'ya'ya da yawa ki sha labari, wata ta biyu kamar wasa, ta uku kuwa ciwo ya zo ya tafi, ya zo ya tafi, kwana biyu ana abu ɗaya. Ungozomomi da ma sun san ta uku da wannan halin. Kwanciyar ɗan, girman kansa, ko bayansa ya juyo wajen bayanki, ƙarfin jininki a wannan shekarar, duk suna canza labari, kuma 'ya'yan baya sukan ɗan fi na fari nauyi.

Sai ciwon mara na bayan haihuwa, wanda ba wanda yake gaya miki. A ɗan fari da ƙyar ki lura da shi, a na uku na huɗu kuwa kina sa jariri a nono sai ki ji mara ta murɗa kamar sabuwar naƙuda. Nonon da yake tsotsa ne yake sa jiki ya saki sinadarin oksitosin, mahaifa ta dunƙule ta koma mazauninta. Yana da zafi amma aiki yake yi, kwana biyu uku ya lafa.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe. Haihuwa ta biyar zuwa sama.

A wajenmu wadda ta haifi shida bakwai ita ce gwana, ita ake kira in amarya ta fara naƙuda, ita ce za ki ji tana cewa ni me zan je yi awo, ni da nake haihuwa ni kaɗai a ɗaki sai dai a ji kukan jariri. A wajen likitoci kuwa wadda ta haihu sau 5 ko fiye ita ake sa wa ido sosai. Kuma mu abin ya fi shafa, don binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna matsakaicin haihuwar mace a Najeriya 5.3 ne, a Arewa maso Yamma 6.6. Wato mata da yawa a zaman biki in kin duba a wannan layin suke.

Dalilin shi ne mahaifa tsoka ce. Idan mabiya ta rabu da jikinta tana barin wuri a buɗe kamar faɗin hannu, jijiyoyin jini duk a sake, kuma a ƙarshen ciki jinin da ke ratsa mahaifa ya kai wajen rabin lita a minti ɗaya. Abin da ke tsayar da shi, mahaifar ta matse gam ta shaƙe jijiyoyin. Mahaifar da ta miƙe ta dawo sau bakwai sau takwas tana iya yin kasala, kamar robar siket da ta saki. In ta ƙi matsewa jini ya ɓalle. Likitoci suna lissafa zubar jini mai haɗari daga mililita 500, wato ledar fiya wata ɗaya tak. Ki riƙe ledar a hannunki ki gani, ba ta da wani yawa. Ga shi macen da ma jininta ya yi ƙasa saboda kwanika, ga shayarwa ga ciki, wadda irin wannan zubar za ta kayar da ita cikin awa 2 in ba a kai ɗauki ba. Zubar jini bayan haihuwa shi ne kan gaba wajen kashe mata masu haihuwa a duniya. A asibiti da ɗa ya fito ake yi miki allurar oksitosin a cinya, a murza mara, in ta kama a sa ruwa a nemo jini. A ɗaki me za a yi, a ce a kawo tsumma a ƙara?

Ban da jini, cikin da ya saki yana ba ɗa filin juyi, sai ya kwanta a gicciye ko ya zo da ɗuwawu. Mabiya ma takan sauko ta tare hanya, alamarta jini ja ba ciwo a watannin ƙarshe. Ga shekaru sun ja, hawan jini da suga sun fara leƙowa, tagwaye ma sun fi zuwa wa manya. Sikanin ɗaya yana nuna yawancin waɗannan tun kafin ranar.

Wadda aka taɓa yi wa aiki kuma, na san tsoron da ke sa wasu su ɓuya a gida don kar a sake yanka su. Ki sani aiki ɗaya ba ya nufin shikenan kin daina haihuwa da kanki, kusan uku cikin huɗu na waɗanda suka gwada suna haihuwa lafiya. Amma tabon nan yana iya yagewa, kusan mace 1 cikin 200, kuma in ya yage mintoci ake lissafawa. Irin wannan gwajin sai inda akwai ɗakin tiyata da jini a ajiye. Kuma dan Allah, ke ko ba a taɓa miki aiki ba, kar ki yarda a yi miki allurar ƙara naƙuda a gida ko a kemis, kar ki sha wani haɗi don ta yi sauri. Mahaifar da ta yi laushi ba ta ɗaukar wannan, tana iya fashewa.

Wani abu a gurguje, ki san rukunin jininki. In negetif ne ɗanki kuma fozitif, ɗan fari yakan tsira lafiya, na baya ne ke shan wahala, sai dai in an yi miki allurar anti-D cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari.

Ni abin da ya fi damuna da zaman Legas, a ɗan fari an kai ki gida goyon ciki, Kano ko Sakkwato ko Katsina, Inna tana kanki, ruwan wanka ma dafa miki ake yi. A na biyar kuwa kina nan ɗaki ɗaya da yara huɗu, maigida yana kasuwa tun asuba, ba mai cewa sannu. Lokacin da jiki ya fi buƙatar kulawa lokacin aka daina ba shi. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 take cewa a je awo sau 8, kuma tun kafin nan ta ba da shawarar a huta aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin wani cikin. Kin biya kuɗin kati a cikin fari da ba ki san komai ba, na yanzu ma ki biya.

Daga wata takwas jaka ta zama a bakin ƙofa, zannuwa, audugar mata, kayan jariri, katin awo a aljihun gaba. Ki san wa za ki bar wa yara ko da ƙarfe biyun dare ne. Maigida ka riƙe lambar mai keke biyu ba ɗaya ba, ka tanadi wanda zai ba da jini in an nema, ka kuma adana 112 da 767 a waya, lambobin gaggawa ne na jihar Legas. Ciwo ya fara zuwa a jere, ko faya ta fashe, ko kin ga jini, ko motsi ya ragu, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ki sauke tukunyar nan ki fita, wani ya ƙarasa tuwon.