Mutum Miliyan 100 a Shekarar 2100: Wa Zai Gina Gidajen?

Jama'a masu saurare, barkanmu da wannan lokaci.

A ƙasar Kanada akwai wata ƙungiya mai suna Century Initiative, wadda wasu manyan 'yan kasuwa suka kafa, cikinsu har da Dominic Barton da ya taɓa shugabantar kamfanin McKinsey. Buri ɗaya ta sa a gaba: yawan mutanen Kanada ya kai miliyan 100 a shekarar 2100. Ƙasar ta cika miliyan 40 ne a watan Yunin 2023, kuma matanta ba sa haihuwa sosai, don haka kowa ya san ba daga ɗakin haihuwa za a samo cikon miliyan 60 ɗin ba. Daga filin jirgin sama za su shigo. Wannan buri ya tayar da ƙura, musamman a lardin Kebek, inda masu magana da Faransanci ke ganin za a shafe harshensu cikin taron masu Turanci. Gwamnatin tarayya ta ce ba manufarta ba ce. Duk da haka lambar ta zauna a bakin mutane, kuma irin wannan muhawara ce ake yi yau a Ostireliya da Birtaniya da Jamus da Japan: mutum nawa ƙasa ke so ta zama, kuma daga ina?

Masu son a buɗe ƙofa suna da hujja mai ƙarfi, bai kamata a raina ta ba. Kafin al'umma ta maye gurbin kanta, sai kowace mace ta haifi 'ya'ya 2.1 a matsakaicin lissafi. A 2023 Kanada tana kan 1.26, Koriya ta Kudu kuwa 0.72, mafi ƙanƙanta a duniya. Japan ta kai ƙololuwarta wajen 2008 da mutum kusan miliyan 128, tun daga nan take raguwa. Yau kusan kashi 29 cikin 100 na Japanawa sun kai shekara 65 ko sun wuce, kuma ƙidayar gidaje ta 2023 ta nuna gida miliyan 9 babu kowa a ciki. Fansho da kuɗin asibiti daga harajin masu aiki ake biyan su. Idan masu karɓa suna ƙaruwa, masu biya suna raguwa, dole ɗayan uku: a ƙara haraji, a rage fansho, ko a nemo sababbin masu aiki. Babu ɗan siyasar da ke son ya faɗa wa tsofaffi na biyun, su da suka fi kowa fitowa zaɓe.

An gwada roƙon mata su ƙara haihuwa. A 2019 gwamnatin Viktor Orban a Hangari ta yafe wa duk matar da ta haifi 'ya'ya huɗu harajin albashi har iyakar rayuwarta. Haihuwa ta ɗan ɗaga a ƙasar na wasu shekaru, ta sake sauka, ba ta ko kusanci 2.1 ba. Ƙasar Sin, wadda ta shafe shekara 35 tana hana haihuwar fiye da ɗa ɗaya, ta ba da izinin biyu a 2016, uku a 2021, amma a 2022 yawan jama'arta ya fara raguwa.

To sai dai akwai abin da masu kiran a kawo baƙi ba su cika son ambata ba: baƙo ma yana tsufa. Saurayin da ya sauka yau yana ɗan shekara 28, nan da shekara 40 shi ma yana layin fansho, kuma 'ya'yan baƙi kan ɗauki salon haihuwar ƙasar da suka tashi a ciki. A shekarar 2000 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi wani lissafi da ya kamata duk mai shiga wannan muhawara ya sani. Ta tambaya: baƙi nawa ƙasa ke bukata idan tana so adadin masu aikin da ke ɗauke da kowane tsoho ɗaya ya tsaya yadda yake har 2050? Amsar Koriya ta Kudu ta fito mutum biliyan 5.1, a lokacin da duniya gaba ɗaya ke da kusan biliyan 6. Wato ko da kusan kowa a doron ƙasa ya tattara ya koma birnin Seoul, da ƙyar lissafin zai tashi. Shigowar baƙi tana rage saurin tsufan al'umma, tana ba gwamnati sarari ta gyara tsarin fansho, amma ba ta warkar da cutar. Duk wanda ya ce tana warkarwa, ko bai yi lissafi ba, ko yana da hajar da yake tallatawa.

Yanzu mu koma Kanada, don a nan ne darasin yake. Ku ɗauki alƙalami. Daga miliyan 40 a 2023 zuwa miliyan 100 a 2100, ƙarin da ake bukata kowace shekara bai wuce kashi 1.2 cikin 100 ba, kuma Kanada ta sha yin irin wannan ƙaruwa ba tare da kowa ya ɗaga murya ba. Amma a 2023 kaɗai ƙasar ta ƙaru da mutum sama da miliyan 1.2, wato kashi 3.2 cikin 100, saurin da rabonta da shi tun 1957. Da an ci gaba a haka, da an cika miliyan 100 cikin shekara 30 kacal. Ana can ana ta cacar baki kan lambar ƙarshen ƙarni, ashe abin da ke faruwa a ƙasa ya ninka ta kusan sau uku.

Ta ina suka shigo? Gwamnati kan sanar da adadin waɗanda za ta ba takardar zama ta dindindin, kuma ta tsara kaiwa 500,000 a 2025. Wannan ita ce ƙofar gaba, mai maigadi da littafin rajista. Ƙofar baya kuwa, ta ɗalibai da ma'aikatan wucin gadi, ba a sa mata iyaka ba. Kwalejoji da kuɗin gwamnati ya gaza isar su suka gano cewa ɗalibin waje yana biyan ninkin-ba-ninkin abin da ɗan ƙasa ke biya, sai suka dinga ɗiba. A ƙarshen 2023 masu bizar karatu sun haura miliyan 1. Masu kamfanoni kuma suka samu ma'aikata masu arha da ba sa iya ƙorafi, tunda bizarsu tana ɗaure da mai gidan aikin. Zuwa 2024 mazauna na wucin gadi sun kai wajen miliyan 3. Babu majalisar da ta zauna ta ce ga adadin da muke so ke nan. Kowa ya ja nasa, jimla ta taru da kanta.

Mutum yakan sauka daga jirgi cikin yini guda, amma gidan da zai kwana a ciki sai an nemi fili, an samu izini, an jawo ruwa da wuta, abin da ke cin shekaru. Horar da likita ya fi haka daɗewa. Hukumar gidaje ta Kanada ta ƙiyasta cewa sai an ƙara gida miliyan 3.5 a kan waɗanda ake sa ran ginawa kafin 2030, sannan muhalli zai dawo daidai aljihun jama'a. Kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabo a Toronto da Vancouver, kuma waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗarsu su ne sababbin zuwan kansu, da matasan ƙasar da ba su gaji gida ba. Tattalin arzikin ƙasa a dunƙule ya ci gaba da girma, minista yana iya fitowa ya yi alfahari da shi, amma idan aka raba shi bisa kawunan jama'a sai aka ga rabon kowa yana raguwa. Mai banki da mai gidan haya jimla suke kallo. Mai albashi rabonsa yake kallo, shi ya sa ɓangarorin biyu ke duban ƙasa ɗaya suna ba da labari biyu.

Sakamakon ya zo da sauri. Kanadawa, da aka sani da maraba da baƙi, suka juya: a 2024 binciken cibiyar Environics ya nuna kashi 58 cikin 100 na ganin baƙin sun yi yawa, karo na farko cikin kusan shekara 25 da masu wannan ra'ayi suka yi rinjaye. A watan Janairun 2024 aka sa wa bizar ɗalibai iyaka. A watan Oktoba Firaminista Justin Trudeau ya amsa cewa gwamnatinsa ba ta daidaita ma'aunin ba, aka sauke adadin 2025 daga 500,000 zuwa 395,000. Dubban matasan da aka karɓi kuɗin makarantarsu, aka bar su suna sa ran samun takardar zama, su aka bari da jidali.

A ganina, sanya lambar da za a kai nan da shekara 70 ko 80 ita ce alkawari mafi sauƙi a siyasa, domin duk wanda ya yi shi ba zai kai ranar da za a tambaye shi ba. Kuma lamba kan tsorata mutane fiye da yadda take shiryar da su. A 2009 Firaministan Ostireliya Kevin Rudd ya ce yana goyon bayan babbar Ostireliya, wato mai yawan jama'a, a daidai lokacin da baitulmalin ƙasar ke hasashen kusan mutum miliyan 36 a 2050. Shekara na zagayowa Julia Gillard ta gaje shi, kuma cikin maganganunta na farko ta nesanta kanta da wannan ra'ayi. Kalmar ta mutu, shigowar baƙi kuwa ta ci gaba, har ta haura 500,000 a shekarar kuɗi ta 2022 zuwa 2023. A Singafo, takardar gwamnati ta 2013 da ta ambaci miliyan 6.9 a 2030 ta fito da dubban mutane zanga-zanga a dandalin Hong Lim, abin da ba a saba gani ba a ƙasar, har hukuma ta koma tana bayanin cewa lambar ta tsara gine-gine ce kawai.

Masu alkawarin rage baƙi ma ba su tsira ba. A 2010 David Cameron, wanda ya zama Firaministan Birtaniya a shekarar, ya ce zai sauke rarar masu shigowa Birtaniya a kan masu fita zuwa ƙasa da 100,000 a shekara. Ya bar mulki tana sama da 300,000. Aka fice daga Tarayyar Turai da sunan karɓe iko da kan iyaka, sai ga shi a 2023 ta haura 900,000, saboda asibitoci da gidajen kula da tsofaffi da jami'o'i duk ba sa iya tafiya sai da 'yan waje. Ɗan siyasa ya faɗi abu a kan dandamali, ma'aikatar ba da biza ta yi akasinsa a ofis. Wannan tazara ita ke kashe amana, kuma masu ƙyamar baƙi da ita suke kiwon jam'iyyunsu. Fushin da ya kamata ya sauka a kan wanda ya tsara, sai ya sauka a kan direban tasi da mai jinya.

Wasu na ganin mafita ita ce a kawo hannun aiki kawai, a gama da shi a sallame shi. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, kuma Jamus ta Yamma ta ɗauki haka lokacin da ta ƙulla yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata da Turkiyya a 1961. An dakatar da shirin a 1973, amma mutanen sun riga sun yi aure, sun haihu, sun zauna. Yau masu asalin Turkiyya a Jamus sun kai wajen miliyan 3, kuma sai a 2000 aka gyara doka ta yadda ɗan da aka haifa a can zai iya samun zama ɗan ƙasa tun daga haihuwa. Shekaru kusan 40 aka ɓata ana jiran mutane su tafi, ba a tanadi koyar da su harshe da shigar da 'ya'yansu cikin al'umma yadda ya kamata ba. Ƙasashen Larabawa na yankin Gulf su ne suka riƙe wancan tsari da gaske: a Ƙatar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kusan tara cikin kowane mutum goma baƙi ne, kuma kusan babu hanyar zama ɗan ƙasa. Yana aiki, amma bisa sharaɗin mafi yawan mazauna ba su da ta cewa, abin da ƙasar da ke tinƙaho da dimokuraɗiyya ba za ta iya kwaikwaya ba tare da ta ƙaryata kanta ba.

Tambayoyin da suka dace a kawo gaban majalisa ba su da daɗin rubutawa a allon kamfe. Mutum nawa ne za su shigo baɗi, idan aka haɗa ƙofar gaba da ta baya? Gida nawa aka kammala bana? Likitan da ya zo da takardunsa, zai duba marasa lafiya ko zai ƙare yana raba kaya a mota saboda an ƙi amincewa da shaidar karatunsa? Kuma wa zai sauka daga kujerarsa idan alƙaluman suka saɓa?

Akwai kuma waɗanda ba a gayyata wannan muhawara ba sam, wato ƙasashen da ake ɗebo mutanen daga cikinsu. Idan ƙasa mai arziki ta ce za ta zaɓi matasa masu ilimi da lafiya, to wata ƙasa ce ta raine su, ta yi musu rigakafi, ta biya malamansu. Mafi yawan ma'aikatan jinya 'yan waje da Birtaniya ta yi wa rajista a 'yan shekarun nan daga Indiya da Filifin da Najeriya suka fito. Gaskiya ne suna aiko da kuɗi gida, kuma babu mai ikon hana mutum neman inda rayuwarsa za ta inganta. Amma kuɗin da aka aiko ba ya tsayawa a gefen gadon mai naƙuda da tsakar dare. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin ƙasashe 55 da ƙarancin ma'aikatan lafiya ya yi wa katutu, mafi yawansu a Afirka, ta nemi kada a riƙa zuwa farautar ma'aikatansu. Ƙa'idar ta ganin dama ce, babu hukunci a kan wanda ya karya ta, kuma ba ta hana ma'aikaciyar jinya cike takardar neman aiki da kanta ta intanet.