Wai Laifi Ne Faifai Ya Yi Kasuwa?

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka. Akwai wata magana da na gaji da ji, duk lokacin da aka ambaci faifan farko na ƙungiyar mawaƙan nan Wet Wet Wet ta ƙasar Sikotlan, wato Popped In Souled Out, sai ka ji wani mai ji da kansa ya taɓe baki ya ce ai wannan waƙar 'yan mata ce, murmushin Marti Pellow, mai rera musu waƙa, ne kawai ya sayar da shi. Haba! Shekara kusan arba'in ana nanata zance ɗaya ba a gajiya?

To bari mu duba daga ina yaran nan suka fito. Clydebank, wani gari a gefen Glasgow, garin da aka ƙera manyan jiragen ruwa irin su Queen Mary a ma'aikatar John Brown, kuma nan ne katafaren kamfanin keken ɗinki na Singer yake, e, Singa dai da kuka sani a shagon tela. An rufe kamfanin Singer a 1980, aikin jirgi ya riga ya durƙushe, a 1982 marasa aikin yi a Birtaniya sun haura miliyan 3 zamanin Margaret Thatcher, kuma a wannan shekarar ce samari huɗu suka haɗa ƙungiya: Pellow, Graeme Clark, Tommy Cunningham da Neil Mitchell. Shi Pellow ma fenti ya koya. Waƙarsu ta farko da ta fita, Wishing I Was Lucky, maganar neman aiki ce da rashin samunsa, ta kai lamba 6 a jadawalin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Birtaniya a 1987. Wannan ce waƙar da ake cewa ba ta da ma'ana? Dan Allah fa.

Faifan ya fito a watan Satumba 1987, lokacin da Michael Jackson ya cika kasuwa da faifansa Bad, amma duk da haka yaran da ba wanda ya san su bara suka yi ta hawa har suka kai lamba ɗaya a Janairun 1988. Waƙoƙi huɗu daga ciki suka shiga jadawali, uku a cikin goman farko, aka sayar da kwafi sama da miliyan ɗaya a Birtaniya kaɗai, a 1988 aka ba su kyautar Brit ta sabbin mawaƙa. Kuma wai wannan shi ne laifinsu. Sun yi kasuwa. Da faifan ya kwanta a kanti yana shan ƙura wallahi da yanzu masu sharhin nan suna ta rubuta cewa gwanaye ne da duniya ba ta gane ba, amma tunda talakawa sun sa hannu a aljihu sun saya, shi kenan ya zama na banza.

Suna cewa sautin ya yi santsi da yawa, an goge shi don rediyo. To wa ya goge? Yaran nan Memphis suka tafi a Amurka, suka yi aiki da Willie Mitchell, mutumin da ya tsara wa Al Green manyan waƙoƙinsa, don su abin da ke ransu kenan, kiɗan soul na baƙaƙen fatar Amurka. Kamfanin faifai ne ya ƙi wannan aikin ya sa aka sake wani. Da suka samu ƙarfin faɗa a ji sai aka fitar da na Memphis ɗin a 1988, shi ma ya je lamba 3. Ka ga kenan mai gogen an saya, marar gogen ma an saya, to sai a sake wani uzurin.

Akwai inda nake ɗan ja da baya, gaskiya. Sun ɗauki wasu baitoci na mawaƙi Van Morrison sun sa a waƙarsu ba izini, ya yi ƙorafi kuma yana da gaskiya, wannan ba abin da za a wanke su ba ne. Amma baiti biyu ba su ne suka sa mutum miliyan ya je kanti ba.

Abin da ke ba ni haushi shi ne rainin da ke ƙarƙashin zancen. In an ce 'yan mata ne suka saya, to kuɗin 'yan mata ba kuɗi ba ne? Kunnensu ba kunne ba ne? Ai su ɗin ne suka fara sayen faifan Beatles ma kafin malaman sharhi su farga su fara rubuta littattafai. Murmushi yana iya sayar da waƙa ɗaya, na yarda, amma bai isa ya riƙe ƙungiya har 1994 ba, shekarar da waƙarsu Love Is All Around ta yi mako 15 a lamba ɗaya, har su da kansu suka sa aka daina buga faifan waƙar. Yaran Clydebank sun yi kasuwa tun daga faifan farko, kuma har yau ban ji wanda ya kawo mini hujjar da ta sa hakan ya zama abin kunya ba. Sai mun haɗu a shiri na gaba.