Darasi: Haɗa wa Kifin Betta Gida Kafin Ka Sayo Shi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Daga Agege nake magana, in kun ji hon ɗin danfo ko ƙarar jirgin ƙasa ku yi haƙuri, Legas ce. Auta, matso da wayar kusa da gilashin. Yauwa. Kun gan shi? Wannan shuɗin mai jela kamar an baza babbar riga, shi ne betta. Asalinsa ɗan Tailan ne, cikin fadamun shinkafa da kududdufai marasa zurfi yake rayuwa, kuma a 2019 ƙasar ta ayyana shi a matsayin kifinta na ƙasa. Wasu na ce masa kifin faɗa, don in ka haɗa maza biyu wuri guda, to sai ɗaya ya yayyage ɗaya. Namiji guda, gida guda. Wannan ba abin gwaji ba ne.

To, abin da na zo faɗa yau ɗaya ne: kada ka sayi kifi ranar da ka sayi akwatin gilashi. Ni na yi wannan kuskuren. Na ga kifin cikin 'yar kwalba, mai shagon ya ce ai ko a kofin shayi zai rayu, na kawo gida ina murna. Kwana tara ya yi. Kullum ina zuba masa abinci, ashe ruwan ne ke cinsa.

Dalilin da ya sa ake yaudarar mutane da kwalba shi ne, betta yana da wata gaɓa a saman gaɓoɓin numfashinsa na gefen kai da yake shaƙar iska da ita kai tsaye. Ku duba, ga shi ya taso ya kurɓi iska ya koma. Saboda haka yana iya jure ruwan da wani kifin zai shiɗe a ciki. Amma jurewa daban, jin daɗi daban. Ka nemi akwatin da zai ci aƙalla lita 20. Wannan nawa tsawonsa santimita 40, faɗi 25, tsayi 25, lita 25 ke nan. Kuma lita ɗaya kilo ɗaya ce, don haka kada ka ɗora shi kan teburin roba mai rawa. A sa masa murfi, domin betta yana tsalle, amma a bar ɗan fili tsakanin ruwa da murfin don ya samu iska.

Yanzu ga inda aikin yake. Kashin kifi da ragowar abinci suna ruɓewa su zama amoniya, guba ce, tana ƙona gaɓoɓin numfashin kifi. Akwai wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke mayar da amoniya naitirait, ita ma guba ce, sai wasu kuma su mayar da ita naitiret, wadda kifi ke iya jurewa in ba ta taru ba. Waɗannan ƙwayoyin ba a cikin ruwa suke yawo ba, a jikin soson matata, wato na'urar tace ruwa, da tsakuwa suke maƙalewa. Sabon akwati ba shi da su. Sai ka cika ruwa, ka kunna matata, kana ɗan barbaɗa abincin kifi kaɗan bayan kwana bibbiyu alhali babu kifi a ciki, har sati huɗu zuwa shida. Na san yara za su dame ka, Baba ina kifin, Baba ina kifin. Nawa ma sun dame ni. In kana da abokin da akwatinsa ya daɗe, roƙe shi ya matse maka tsohon sosonsa a naka, abin zai yi sauri. Akwai ruwan gwaji da ake ɗigawa a ɗan bututu, launi ya nuna maka. Ranar da amoniya da naitirait suka nuna sifili, ranar ce ta zuwa kasuwa.

Matata kuma, ta soso mai ɗan famfon iska ta wadatar. Mai ƙarfin turi tana wahalar da shi, jelar nan nauyi gare ta. In an ɗauke wuta kada hankalinka ya tashi, kifin zai ci gaba da shan iskarsa a sama. Sai dai in ta kwana biyu ba ta dawo ba, rage abinci, ka canza ruwa kaɗan. Kuma soson nan, in za ka wanke shi, cikin ruwan da ka ɗebo daga akwatin za ka matse shi. Sabulu ko omo kada su kusanci komai na kifin, har bokitin.

Maganar ruwa: in na famfon gwamnati ne, akwai kilorin, sai ka ɗiga maganin kashe shi kafin ka zuba. Yawancinmu nan na burtsatse muke sha. In naka yana barin jan tsatsa a bokiti ko yana da ɗanɗanon gishiri, nemi wani. Kowane mako ka janye kashi ɗaya cikin huɗu ka mayar da sabo, ba duka ba.

Zafi kam Allah ya hutar da mu. Betta yana son digiri 24 zuwa 28, Legas kuwa kusan haka take. Matsalar mai esi ce a ɗaki, shi ne zai nemi na'urar ɗumama ruwa. Kada dai a ajiye shi bakin taga inda rana ke dukansa.

Auta, nuna musu ganyen can na ƙasa. Busasshen ganyen bishiyar nan ne da ake ce wa furut a nan, wadda yara ke fasa ƙwallonta da dutse su ci ɗan cikin. A Turai da kuɗi ake sayensa, mu kuwa sharewa muke yi. Ka tsinci wanda ya bushe ya faɗo da kansa, nesa da titi, ka ɗauraye, ka jefa guda. Ruwan zai yi launin shayi marar madara, haka ruwan garinsu yake. Wannan koren kuma anubiyas ne, tsiron yankinmu na Afirka ta Yamma. Kada ka binne kaurin jijiyarsa a tsakuwa, ruɓewa zai yi, ɗaure shi da zare jikin dutse. Furen roba mai kaifi yana yaga jela, ni ba na sa shi.

Ranar da ka kawo kifin, ka bar ledar a ɗaure tana yawo a saman ruwa kamar minti 20, sannan ka riƙa zuba mata ruwan akwatin kaɗan-kaɗan kafin ka sake shi. Abinci, ƙwaya biyu ko uku safe da yamma. Mai cin nama ne, tsutsar sauro ita ce kilishinsa. Burodi da tuwo ba nasa ba ne, a gaya wa yara.

Sai abin da ya fi kashe kifi a gidajenmu ba a sani ba: maganin sauro. Fiya-fiya, na feshi, na kunnawa, duk guba ne gare shi, ga shi kuma a saman ruwa yake numfashi. In Hajiya za ta fesa ɗaki, a kashe famfon iska, a lulluɓe akwatin da tawul mai kauri, sai warin ya fita tas a buɗe.

Wani ya tambaye ni kumfar da ke taruwa a kusurwa, ko ruwan ne ya lalace. A'a, namijin ne ke gina sheƙar ƙwai da bakinsa. Auta, ɗaga wayar sama su gani. Ga ta nan ƙarƙashin ganyen, jiya da daddare ya yi ta.