Gambar gida a ƙofar gidan Maitama

Assalamu alaikum 'yan uwa, ku dakata in juyo muku da wayar. Kun ga wannan da ke jikin katanga? Gamba ce wallahi! Gambar da muke yankowa a Damagaram a saƙa zana, ita ce aka jera a ƙofar gida nan Maitama, iska na kaɗa ta. Shekarata shida a Abuja, ban taɓa jin gida ya faɗo mini a rai kamar safiyar nan ba.

Na gaida dattijon da ke kula da lambun, na ce, "Baba, sau nawa kake ba ta ruwa?" Ya ce, "Ɗana, tun da ta kama ƙasa ban ƙara ba." Waccan gajerar ciyawar ta tsakar gida kuwa, kullum sai an tayar da injin burtsatse saboda ita. Mu a Lugbe da rani kura guda ta mai ruwa ba ta kai mana kwana biyu.

Sirrin gamba saiwa ne, can ƙasa take nutsawa. Sai ku ga ta bushe ƙamas, amma da an ji ƙanshin damina ta riga kowa tsirowa. Kakana a kan iyakar gona yake dasa ta, ta tare iska, ta riƙe ƙasa, in kaka ta yi a sami na darni, shanu su ci sabon toho. Allah ya jiƙan tsoho.

Baba ya ce dubu biyu aka sayar wa maigidansa kowane tushe. Kai kuwa je ka bayan gari ka haƙo gindi ɗaya, ka tsattsaga shi, ka dasa in ruwan Afrilu ya zauna, taki ɗaya tsakaninsu.

Amma ku ji ni da kyau. Tana iya kai mita huɗu, kuma busasshiyar gamba da wuta ba su haɗuwa. Ostireliya an kai ta don kiwo tun shekarun 1930, yau gobararta ta addabe su. Hunturu na shigowa ka yanke ta, ka bar kamu ɗaya a ƙasa. Kada ka dasa kusa da janareta ko madafa. In da yara a gidan, ka riƙa share gindinta saboda maciji.

Baba ya tsago mini ɗan tushe, ga shi a leda. Bari in samu mota kafin rana ta yi masa.