Barci, jabana da waya: laccar da aka yi wa 'yan gudun hijira a Gadarif

Wata 'yar'uwarmu ma'aikaciyar jinya ce ta yi wannan lacca a farfajiyar wata makarantar allo a Gadarif, a gabashin Sudan, bayan la'asar. Galibin masu sauraro waɗanda yaƙi ya taso ne daga Kartum da Wad Madani da Sinja. A waya aka ɗauka, muka rubuta, mun rage gaishe-gaishe da wuraren da iska ta cinye magana.

Assalamu alaikum. Iyayena maza, iyayena mata, yayye da ƙanne, sannunku da zama cikin wannan zafi. Liman ya ce in zo in yi magana a kan lafiyar ƙwaƙwalwa. Na ce masa, Allah gafarta Malam, in ka faɗi haka a masallaci ko mutum ɗaya ba za ka gani ba, kowa zai ce shi ba mahaukaci ba ne. Shi ya sa ya ce muku laccar rashin barci ce. Ga shi kuwa tabarmi sun yi kaɗan. (Dariya.)

Bari in fara da tonon asirin kaina. A Disambar 2023 muka baro Wad Madani a bayan babbar mota, ni da yara uku da katifa ɗaya. Bayan wata huɗu, ina tsaye a kasuwar nan ina tayin tumatir, sai wata raksha, babur mai ƙafa uku, ta yi ƙara, fau! Ban san lokacin da na shige ƙarƙashin teburin mai tumatir ba, hannuna biyu a ka, mayafi a ƙasa cikin laka. Ya leƙo ya ce, "Hajiya, salansa ce." Na fito ina kakkaɓe jiki, gwiwata na rawa, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni da nake koya wa mutane yadda za su natsu.

Abin da ya faru da ni ba aljani ba ne, ba kuma raunin imani ba ne. In mutum ya ga haɗari, wasu ƙananan gaɓoɓi da ke saman ƙoda suna sakin sinadari cikin jini. Zuciya ta ƙara gudu, jini ya tafi ƙafafu da hannaye, ciki ya dakatar da narkar da abinci, barci ya zama na zomo. Rahamar Allah ce wannan, ita ta sa wata a nan ta goya ɗaya, ta saɓa ɗaya, ta yi tafiyar da ko a mafarki ba ta taɓa yi ba. Matsalar ita ce jiki bai san an bar wurin ba. Kun iso Gadarif, shi yana can yana gadi. Sai mutum ya zo asibiti ya ce gabansa faɗuwa yake, ko kansa kamar an ɗora dutse, ko ƙwannafi ya hana shi sakat, a auna jini, a duba zazzaɓin cizon sauro, a ce ba a ga komai ba. Ya koma gida ya huce a kan yara.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙididdiga a 2019 cewa a wuraren da yaƙi ya shafa, kusan mutum ɗaya cikin biyar yana fama da irin wannan lalura, daga matsananciyar damuwa zuwa firgici zuwa abin da ya fi haka. Ku ƙirga mutum biyar a tabarmar da kuke. Kada ku nuna kowa da yatsa. (Dariya.)

Na san abin da wasu ke cewa a ransu: ai mumini haƙuri yake yi. Gaskiya ne. Amma mun mayar da "yi haƙuri" murfin tukunya, da mutum ya buɗe baki sai mu kifa masa. Annabi Yakubu ya yi baƙin cikin Yusufu har idanunsa suka yi fari, Alƙur'ani bai ɓoye ba. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Kuma in aka yi rasuwa a dangin Nana A'isha, bayan mata sun watse, takan sa a dama talbina, wani kunu na garin sha'ir, ta ce ta ji Manzon Allah yana cewa yana sanyaya zuciyar mara lafiya, yana rage wani sashe na baƙin ciki. Ku lura da hanyar da aka bi. Zuciya ce ke ciwo, amma ta ciki aka shiga.

Tun kafin a san likitan ƙwaƙwalwa, akwai wani malami, Abu Zaidi Albalkhi, wanda ya rasu a shekarar 934. Ya raba baƙin ciki gida biyu: mai dalili sananne, kamar mutuwa ko asara, da wanda ke sauko wa mutum haka kawai, wanda ya ce tushensa a jiki yake, yana buƙatar magani. Ya kuma ce mutum ya tanadi tunani mai kyau lokacin da yake cikin natsuwa, kamar yadda ake ajiye magani a gida don ranar ciwo. Ɗan ƙasar nan ne, Farfesa Malik Badri mutumin Rufa'a, ya fassara aikinsa zuwa Turanci. Sannan ga Tijani Almahi, likitan ƙwaƙwalwa na farko a Sudan, wanda asibitin Umdurman ke ɗauke da sunansa. A Landan ya yi karatu, amma da ya dawo bai raina shehunai da malaman da mutane ke kai musu marasa lafiya ba, ya zauna da su, ya yi aiki tare da su. Ya rasu tun 1970, mu kuma har yau muna gardamar ko ruƙiya ko ƙwaya, kamar kishiyoyi ne.

To me yaƙi ya ƙwace mana? Za ku ce gida, shago, zinariya, mota. Haka ne. Amma akwai abin da ya ɗauke wanda ba ma lissafawa, shi ne yini. Da, kowa ya san ƙarfe nawa yake tashi, ina za shi, wa zai gaisa da shi a bakin hanya, yaushe za a sauke tukunya. Tun Asabar ɗin nan ta 15 ga Afrilu 2023 da yaƙin ya ɓarke, ana cikin azumi, wannan ya wargaje. Safiya da yamma suka zama ɗaya. Ƙwaƙwalwa kuwa tana samun natsuwa ne in ta san abin da ke tafe. Kakata, wadda iyayenta suka biyo ayarin da ya taso daga arewacin Najeriya bayan yaƙin Burmi na 1903 har suka zauna a Mai Wurno, nan Sudan, takan ce duk inda suka yi zango, kafin a kwance kaya, sai an nemo alƙibla an kafa duwatsun murhu uku. Ko kwana ɗaya za a yi.

Mu ma mu kafa namu. Salloli biyar sun riga sun raba mana yini, sauran a rataya a jikinsu. Lokacin tashi ya zama ɗaya kullum, ko da daren bai yi daɗi ba. Bayan asuba a fito a sha hantsi, domin hasken safiya ne ke saita agogon da ke cikin kai, shi ke sa barci ya zo da dare. Ƙailula kada ta wuce rabin awa. Babba yana buƙatar barcin awa bakwai ko sama.

Yanzu zan taɓa inda yake muku ƙaiƙayi, iyayena mata. Jabana. (Hayaniya.) Ku tsaya mana, ban ce a daina ba. Ni ma na san daɗin. A soya 'ya'yan gahawa a kan gawayi har ƙamshi ya kai gida na uku, a daka a ɗan turmi da citta, a sa turaren wuta, a jera finjalai, sukari kamar ba saya ake ba. Wannan zaman magani ne, a nan mace take faɗin abin da ba ta faɗa wa mijinta. Abin da ke cikin finjalin ne matsala. Sinadarin da ke wartsakar da mutum, bayan wajen awa biyar rabinsa yana nan cikin jini. Wadda ta sha uku bayan magariba, ƙarfe ɗaya na dare tana nan ido biyu tana kallon rufin kwano, gabanta na dukan uku-uku, ta ce tunanin gida ne. Tunanin gida na nan, amma jabana ce ta riƙe masa fitila. Ku mai da ita hantsi. Da yamma a yi zaman, a sa zoɓo ko hulba ko madara a finjalin. Baƙin shayi ma yana da nasa, kada maza su yi ta murmushi.

Sai waya. Wannan ta fi jabana ɓarna. Mutum ya kwanta, ya buɗe WhatsApp, a turo masa bidiyon gawawwaki daga unguwarsu, ya kalla, ya sake kalla ko zai gane wani. Jikin nan da na ce yana gadi ba ya bambance abin da ido ya gani a waya da wanda ya gani a titi. Ba zan ce kada ku bi labari ba, kowa yana da nasa a can. Ku ba shi lokaci, bayan azahar misali, a duba, a kira wanda za a kira, a ajiye. Bayan isha'i waya ta kwana a wani wuri daban. Kuma don Allah, wanda ya samu irin wannan bidiyo ya tsaya a kansa. Yaron da ka ba wa wayar ya yi wasa, ya gani.

Iyayena maza, ku naku ciwon shiru ne. Mutumin da yake ciyar da gida goma yau yana jiran a turo masa kuɗi ta Bankak, manhajar banki ta waya, ya yini ƙarƙashin dogon yaro ba ya cewa uffan. Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi. Tafiyar rabin awa, kwana biyar a mako, tana rage nauyin zuciya, an gwada an gani. In an yi nafir, gayyar nan ta gyaran ɗaki ko yankan riɗi, ku shiga, ko ruwa ne ku raba. Masu dafa abinci a takaya, wuraren girkin sadaka, sun fi masu karɓa samun barci, ni dai haka na gani. Samarin da ke haɗiyar tiramadol don su jure aikin gona kuwa, bashi suke ci a jikinsu, kuma tana jawo farfaɗiya.

Ku gyara zama, mu yi wani abu tare. Ku ja numfashi ta hanci, a hankali, ku ƙirga huɗu. Ku sake shi ta baki, ku ƙirga shida ko bakwai, kamar kuna hura kunu mai zafi. Kuma. Baba, ka sassauta kafaɗa. Sakin numfashi mai tsawo yana rage gudun zuciya, akwai jijiyar da ke wannan aiki. Wanda ya ga dama ya haɗa da istigfari. Ranar kasuwar nan, da shi na samu na kai gida.

Kowa kuma ya samu mutum ɗaya da zai iya faɗa wa gaskiya. In kai aka zaɓa, aikinka saurare. Kada ka ce naka ya fi nasa, kada ka yi wa'azi tun bai kai aya ba. Ke kuma da kike ɗawainiyar miji da yara da surukuwa, kina cin ƙanzo a tsaye, Salmanu ya gaya wa Abu Darda'i cewa ranka yana da haƙƙi a kanka, Manzon Allah ya ce Salmanu ya yi gaskiya. Ki zauna ki ci abincinki.

Akwai inda dabarun gida suke tsayawa. In mutum ya yi mako biyu ba ya jin daɗin komai, ba ci, ba wanka. In yana jin muryoyin da ba kowa ke ji ba. In mai jego ta ƙi jaririnta tana ta kuka. In wani ya fara cewa gara ya mutu ya huta, a kai shi asibiti. Ku tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin halaka kansa, tambayar ba ta sa wa mutum ra'ayin. Kada a bar shi shi kaɗai, kuma a kulle maganin feshin gona, domin nan ƙasar noma ce, kusan kowane gida akwai galan a bayan ƙofa. Ba mari, ba duka. A yi addu'a, a sha magani, kada wani ya ce a ajiye ƙwaya don an fara ruƙiya.

Na ga hannu a baya. Inna, bismilla.

(Wata dattijuwa ta ce jikanta mai shekara 9 ya koma fitsarin kwance tun da suka baro Sinja, ta yi dukan, ta yi gorin, abin sai gaba.)

Inna, ki ajiye bulalar. Shi ma ƙarƙashin teburin mai tumatir yake, nasa da dare ne. Ki rage masa ruwa bayan magariba, ki kai shi bayan gida kafin ya kwanta, ki matso da shimfiɗarsa kusa da taki. In ya jiƙa, ku wanke tare, kada ƙannensa su sani. A makarantar nan kuma Malam ya riƙa ba shi ɗan aiki, ko rabon alluna ne. In yana kukan zafi wurin fitsari, ko yana shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, wannan daban ne, ki kawo shi a duba fitsarin. Ina nan ranar Litinin da safe. Ladan ya miƙe, sauran tambayoyin mata su same ni a zaure bayan salla.