Kafin ka biya kuɗin babban piyano, ɗaga murfinsa

Laccar da wani mai gyaran piyano ya yi wa matasan makaɗa a Nima, Akra, kamar yadda aka kwafo daga rikodi.

Assalamu alaikum. Iyayena da ƙannena, sannunku da zuwa.

Duk wanda ya taɓa rataya kalangu ya san fata na saki da damina, ta ɗaure da hunturu. To, babban piyano, na kwancen nan mai ƙafa uku, halinsa ke nan, sai dai shi tsirkiyoyinsa sun kai kusan 230, ƙarfin jansu kuma ya doshi tan 20. Ƙarfen zubi ke riƙe da wannan ja, amma yawancin sauran jikin katako ne da ulu. Katako kuwa ya sha laimar tekun Akra ya kumbura, iskar hunturu ta busar da shi ya tsage.

Kullum sai an tambaye ni, "Malam, Steinway ko Yamaha?" Steinway tun 1853 suke ƙira a Amurka, guda ɗaya na cin kusan shekara, kuɗinsa kuma ba na talaka ba ne. Yamaha na Japan sun fara na kwance a 1902, kayan gyaransu ba su da wuyar samu. Akwai kuma Kawai, sunan kamfani ne fa, ba kawai ɗinmu na Hausa ba (dariya). Su sun sauya wasu ƙananan sassan katako da roba mai ƙarfi. Wasu na raina wannan, ni kam a garin nan yabawa nake, don roba ba ruwanta da damina.

Amma yawancinku na hannu za ku saya, irin wanda ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tema. Kada sheƙin fenti ya ruɗe ku. Ku haska allon amo da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi, ko ya tsage. Ku nemi tsatsa. Ku danna maɓallai 88 ɗin ɗaya bayan ɗaya, ku ji wanda ke maƙalewa. Sai babbar magana, ƙusoshin ɗauri, wato waɗanda ake murɗawa a ɗaure tsirkiyoyi. In katakon da ke riƙe su ya saki, yau ka saita murya, jibi ta zube, gyaran kuma na iya fin kuɗin sayen.

Na taɓa yi wa wani alhaji cinikin ɗaya ban leƙa ƙarƙashi ba, ashe gara ta riga mu. Har yau in mun haɗu a masallaci sai ya tuna min.

Kai yaro, miƙo tocilan nan. Ku matso ku ga inda nake nufi.