Ɓawon ƙwai da tsohon man suya: ku zo mu haɗa dizal

Jama'a barkanmu da warhaka, daga nan Maleshiya. Ku yi haƙuri da ƙarar fanka, a ɗakin gwaji ba a kashe ta.

Kun ga farin garin nan na cikin kwalba? Ɓawon ƙwai ne. Wajen wata mai abinci a bakin makaranta nake karɓowa, da ta hango ni sai ta miƙo leda tana dariya. In wanke, in shanya, in daka, sannan in ƙona shi a tanderu mai zafin digiri 900. A nan yake komawa kalsiyam oksaid, sinadarin da ke sa mai da metanol (wani ruwan sinadari mai kama da sifirit) su haɗu su ba da dizal.

Yawancin masana'antu soda suke zubawa, irin ta masu sabulu. To wanda ya taɓa ganin ana haɗa sabulu a gida ya san abin da soda ke yi wa mai, balle tsohon mai da ya sha suya. Ga shi narkewa take a ciki, sai an yi ta wanke dizal ɗin da ruwa, ruwan ma ya zama wani dattin. Shi kuwa garin nan tace shi nake, in sake aiki da shi. Sai dai nawa gare shi, abin da soda ke gamawa cikin awa guda shi sai ya ci uku.

Bari in matso da kyamara. Digiri 60 na tsayar, don metanol na tafasa a wajen 65. Ga na jiya can ya kwanta: na sama mai ruwan zuma shi ne dizal, mai duhun na ƙasa gilisarin, wato ruwa mai kauri da ke rabuwa daga man.

Makon jiya na yi ɓarna. Na manta kwalbar a buɗe daga Juma'a zuwa Litinin, garin ya sha danshin ƙasar nan ya mutu murus. Malamina kallona kawai ya yi, wallahi gara ya yi faɗa.

A 2019 aka mayar da kashi 10 cikin 100 na dizal ɗin motocinsu a nan daga manja, Indunusiya ta kai 40 a 2025. Ni dai ƙona man da za a iya yin miya da shi bai kwanta mini ba, shi ya sa na nace wa wanda aka gama suya da shi.

Agogo ya yi ƙara, bari in sa safar hannu in tace.